Yadda Ake Haɗa Fitilar Duma Don Wurin Ibada

Fitilar karatun jarrabawa daban, fitilar zaman wuridi daban. Ta farko aikinta ta kori duhu kaf. Ta biyu so ake ta bar duhun a inda yake, ta buɗe ɗan fili daidai zaman mutum ɗaya. Yawancin ɗakunanmu yanzu ƙwai guda ne fari fat a tsakiyar silin, wanda in ka kunna shi ƙarfe 3 na dare sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa a ido, uwargida ta farka, yara su fara juyi. Ni asalin sana'ata wayarin ce, kuma don maganin wannan ƙwan na fara haɗa fitila da duma. Abin da zan bayyana a nan mutum ɗaya zai iya yinsa a tsakar gida, ba sai da shago ba.

Magabata sun riga mu sanin inda ake ajiye haske. A tsofaffin ɗakunan ƙasa akwai alkuki a jikin bango, a ciki ake ɗora aci-bal-bal da man gyaɗa ko man kaɗe da lagwanin auduga. Bangon alkukin ya tare wutar ta gefe uku, haske ya fito a kaikaice, ƙasa-ƙasa. A Alƙahira ta zamanin Mamaluka, a ƙarni na 14, an yi fitilun gilashi masu ado da ake ratayawa da sarƙa a masallatai irin na Sultan Hasan, da yawa a jikinsu an rubuta aya ta 35 ta Suratun Nur. A Japan kuma, a 1951, masassaƙi Isamu Noguchi ya je garin Gifu, wanda ya yi suna da fitilun takarda da ake kunnawa lokacin bikin Obon na tunawa da mamata. Ya ɗauki takardar nan da siraran tsinkayen bambu, ya sa ƙwan lantarki a madadin kyandir, ya sauya musu siffa, ya kira su Akari, har yau da hannu ake yin su a Gifu. Addini daban, kayan aiki daban, amma duka ukun ba su bar tsirarar wuta ta soki ido ba. Wannan ita ce ƙa'idar da za ka riƙe har ƙarshen aikin.

Kada ka fara da kasuwa. Fara da wurin da kake zama. Bayan isha'i ka kashe wutar ɗaki, ka shimfiɗa dardumarka inda ka saba, ka sa tocilar waya a cikin wani gwangwani marar murfi, ka riƙa matsar da shi. Gwada shi a dama, a hagu, a bayanka, a ƙasa, a kan kujera 'yar tsugunno. Ka tsaya, ka yi ruku'u, ka zauna, ka lura da inda idonka yake faɗawa a kowane hali da inda inuwarka take zuwa. Sannan ka auna tazarar wurin da ya fi yi maka daɗi zuwa bango da zuwa silin, ka rubuta. Ni na fi son fitilar a gefen dama, ɗan baya kaɗan da kafaɗa, a kan abin da bai wuce gwiwa tsayi ba. Gaban mai sallah kuwa ban yarda a ajiye ta ba ko kusa, za mu zo kan dalili.

Yanzu sai duma. Wanda ba a fafe ba ake so, cikakke, busasshe. A kasuwa, ko a Kurmi ta Kano inda ƙore suke jibge, galibi fafaffu za ka tarar, don haka ka gaya wa mai sayarwa ya sa a taho maka da shi daga ƙauye yadda yake. In kana son fitilar don goman ƙarshe na azumi, tun Rajab ko Sha'aban za ka yi wannan magana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka girgiza shi: in 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, ya bushe. Ka ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ko'ina, inda ya yi ƙarar fasasshe akwai tsaga ko ruɓa. Ka duba ƙananan ramukan ƙwari, musamman wajen gindi. Faɗin santimita 20 zuwa 30 ya isa ɗaki. Gora mai dogon wuya ya fi ba da siffa, yana tsayawa da kwarjini ko a kashe yake, kuma karkataccen wuya ba aibi ba ne, sau da yawa shi ne kyan abin. In duma cikakke ya gagara, ƙwarya biyu masu baki ɗaya a kifa ɗaya kan ɗaya suna yi, sai dai haɗin bakin yana yoyon haske in ba a liƙe shi da kyau ba.

Wanki ba shi da wuya. Ka jiƙa bayansa kamar minti 30, ka goge da soson ƙarfe har dattin da baƙin fumfuna su fita. Dabbare-dabbaren da suka rage a fata ka bar su, ado ne. Ka kifa kofi a gindinsa ka zagaye da fensir, da'irar santimita 8 zuwa 10, yadda hannunka zai shiga, ka yanke da guntun zarton ƙarfe a hankali. Ka ƙwaƙule 'ya'ya da busasshen tantanin ciki da cokali, ka bi da samfefa. Wannan aikin a waje ake yinsa, da takunkumi a hanci. Ƙurar cikin duma ɗaci gare ta, tana ɗauke da fumfuna, tana sa tari, mai asma kuwa ya ba wani ya yi masa. Ka bar shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau.

Kafin ka zana komai, ka sayi ƙwan. Mutane suna mayar da shi abin ƙarshe, alhali shi yake yanke hukuncin yadda zanen zai fito. Abu uku ake dubawa.

Na farko launi. A jikin kwalin ƙwan LED akwai lamba da harafin K a ƙarshe. 6500K shi ne farin nan mai sanyi da ya cika kasuwa. 2700K ruwan ɗorawa ne mai ɗumi, 2200K ya fi kusa da harshen kyandir, wanda shi bai kai 2000K ba. Ka nemi 2700K ko ƙasa da haka. In ka ce wa mai shago kawai "mai jan haske", zai iya miƙo maka ƙwan fati mai launi, don haka ka karanta lambar da idonka.

Na biyu ƙarfi. Wat 2 ko 3 ya wadatar. Ina ba da shawarar mai aiki da bolt 5, wanda ake jonawa da USB, saboda dalili biyu: ba ya jan mutum ko yaro ya taɓa wayar, kuma fawa-bank mai 10,000mAh zai riƙe ƙwan wat 2 sama da awa 10, ko an ɗauke wuta ko ba a ɗauke ba. Wanda ya nace sai ya jona da wutar gida mai bolt 230, ya kira mai wayarin ya haɗa masa holda da makunni. Kyandir, ko tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 40 ko 60, ba su da wuri a cikin duma. Busasshen duma makamashi ne.

Na uku, wanda kusan ba wanda yake faɗa maka, girman abin da yake fitar da hasken. Kowace huda da ka yi, hoton ƙwan take jefawa a bango. In ƙwan babba ne mai farin gilashi, kowace huda za ta jefa babban dabbare, su hau kan juna, zanen ya narke ya zama haske kawai. In mai zare-zare ne a ciki, za ka ga 'yan sanduna a bango maimakon ɗigo. In mai idanu da yawa ne, wato ƙananan wuraren da haske yake fitowa a cikin ƙwan, kowane ɗigo zai fito a ninke. Mai ido ɗaya ƙarami shi ne yake fitar da zane tsaf. Wanda ba ya son zane a bango, taushin haske kawai yake nema, to babban mai farin gilashin ne nasa. Duka biyun daidai ne, amma ka san wanda kake so tun yanzu.

Sai lissafi ɗan kaɗan, da awon da ka rubuta a daren farko. Ka raba tazarar ƙwai zuwa bango da tazarar ƙwai zuwa fatar duma, abin da ya fito shi ne ninkin girman zanenka. Misali, ƙwai yana santimita 12 daga fata, bango yana santimita 120: ninki 10 ke nan. Hudar milimita 2 za ta zama ɗigon kusan santimita 2, tazarar santimita 1 tsakanin huda biyu ta zama santimita 10. A silin mai nisan santimita 240 ninkin ya zama 20, hasken kuma ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, domin duk lokacin da nisa ya ninka biyu haka yake raguwa. Amfanin wannan shi ne ka gane cewa ɗan zanen da ka raina a jikin duma zai cinye bango guda. Mai farawa kullum yana cika huda.

Ni nakan raba jikin duman uku. Gefen da yake kallon mai zama ba na huda shi sam, sai dai kankara, wato fere fatar a rage kaurinta ba tare da an ɓula ba. Sama, wajen kafaɗa da wuya, nan nake yin ƙananan huda su tafi silin da saman bango. Ƙasa, ta gefe ɗaya, nakan yi tsaga guda mai faɗin yatsa, a karkace zuwa ƙasa, ta zubo haske kan darduma inda hannu da carbi suke. Abin da ya rage, wanda ya fi rabi, a bar shi rufe. Masu saye sukan nuna wannan fili su ce, "Malam, nan fa ba ka yi komai ba." Nakan ce su bari dare ya yi.

Me za a zana? A nan ne ibadar take shigowa, kuma a nan ne ake wuce gona da iri. Ya zo a hadisin Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya yi sallah da wani mayafi mai zane-zane, da ya idar ya ce a mayar wa Abu Jahm a karɓo marar zane, domin zanen ya ɗauke masa hankali. To in mayafi ya yi haka, ina ga bangon alƙibla cike da taurarin haske? Shi ya sa nake juya fitilar yadda bangon gaba zai samu haske mai laushi kawai, zanen ya tafi sama da baya, inda ido zai same shi bayan sallama, lokacin da aka jingina ana tasbihi. Ba na kuma huda aya ko sunan Allah a jikin fitila, ko nawa za a biya. Hasken rubutun zai faɗa ƙasa, ya faɗa kan ƙafa da takalmi, kuma ba ka da iko da inda wanda ya saya zai ajiye ta. Fitilun Alƙahira a sama suke rataye, rubutun yana jikin gilashi. Tamu a ƙasa take zaune.

Abin da nake ɗauka daga ibada shi ne ƙirga da maimaici. Zobe ɗaya na huda 33 kewaye da kafaɗar gora, daidai da juna, ya isa fitila guda. Ko layi 5 masu hawa daga ciki zuwa wuya, kowanne ya ɗara na ƙasansa gajarta. Ko jerin huda da suke girma sannu a hankali su kuma ƙanƙance, yadda wata yake yi. Wanda yake son adon gida ya duba gefen allon zayyana ko zanen da matan Fulanin Adamawa suke ƙonawa a jikin ƙwarya, ya ɗauki layi ɗaya daga ciki, ba duka ba. Dagi yana da kyau a bango da hula, amma a huda yana da wuyar fita, layukansa suna haɗewa sai duman ya yi rauni. In dole sai shi, a yi shi da kankara.

Don raba zobe daidai, ka zagaya zare a wurin, ka auna tsawonsa, ka raba da yawan hudar, ka ɗiga alama a kan tef ɗin takarda, ka manna tef ɗin a jikin duman. Fensir kawai, biro yana shiga fata ba ya fita.

Wajen huda, ƙaramin injin huda na hannu da baki mai milimita 1.5, 2 da 3 ya isa. In babu, basilla da ƙusoshi masu kauri daban-daban da aka wasa suna yi, sai dai a hankali. Ka fara tsira alamar da basilla don kada bakin injin ya zame a kan santsin fata. Ka bar aƙalla kaurin huda biyu tsakanin kowace huda da 'yar uwarta. Ga kuma abin da ya fi komai muhimmanci: fatar duma tana da kauri, wani ya kai rabin santimita ko fiye, don haka kowace huda 'yar bututu ce. In ba ta kalli ƙwan ba, haske ba zai bi ta ba, za ta yi ja kawai ta mutu. Saboda haka bakin injin kullum ya nufi inda ƙwan zai zauna, ba tsakiyar fatar da ke gabanka ba. A wuyan gora wannan yana nufin huda a karkace sosai. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka kafa ƙwan a mazauninsa, ka kunna, ka yi hudar da magariba a wuri mai duhu-duhu. Da ka huda za ka ga inda ɗigon ya sauka. Ka kula kada bakin injin ya zarce ya taɓa waya.

Kada ka gama duka a zama ɗaya. Yi kashi ɗaya cikin uku, ka kai ta wurinta, ka zauna da ita dare guda. Sau tari za ka ga ta isa haka. Hudar da ta yi yawa ana toshe ta da garin katako da gam, amma tabon yana nan.

Kankara ita ce inda hannu yake nuna kansa, kuma ita na fi so. Ana fere fatar waje mai tauri da ƙaramar kurfi ko tsinin wuƙa mai kaifi, a bi farin naman da ke ƙasa ana rage shi kaɗan-kaɗan, ba tare da an ɓula ba. Da rana wurin fari ne a kan ruwan ƙasa. Da dare, in saura milimita 1 ko 2, sai ya kama launin garwashi, inda ya fi siriri ya yi ruwan zuma, inda ya fi kauri ya yi ja mai duhu. Da fitilar a kunne ake yi, ana kankara ana kallo, domin ido ne kawai zai gaya maka ka tsaya. Ka riƙa tura wuƙar tana barin jikinka, ɗaya hannun yana bayan kaifi. Faffadan wuri kada ka sirantar da shi duka, ka bar jijiyoyi masu cikakken kauri a tsakani su riƙe shi. Wannan gefen ne zai kalli mai zama, shi zai gani in ya waiwaya, don haka ka ba shi lokacinsa.

Cikin duman, zaɓi ne. In ka shafa farin fenti na ruwa, fitilar za ta ƙara haske amma zanen bango zai ɗan yi laushi, kuma kada fentin ya hau bayan wurin da ka kankare, zai kashe launin. In ka bar shi yadda yake, haske zai ɗauki ɗumin naman duma. Ni barinsa nake yi.

Gindin da za a ɗora duman a kai ya zama mai nauyi, domin duma ba shi da nauyin kansa, gefen riga ma yana iya ture shi. Kafinta zai yanko maka guntun katako mai kauri, ya fi bakin yankan faɗi, ya huda tsakiya don sandar da za ta riƙe ƙwan, ya yi 'yar hanya a ƙasa don waya. Maginin tukwane ma yana iya gina maka shi da yumɓu, kuma ya fi dacewa da duma a ido. Ƙwan ya tsaya daidai inda cikin duman ya fi faɗi. Kafin ka ɗaure sandar, ka ɗaga ta ka sauke ta da kaurin yatsa ɗaya ka ga yadda zanen yake tafiya a bango, abin zai ba ka mamaki. Ka ƙulla wayar sau ɗaya a cikin gindin don in an fizge ta kada ta tsinke daga ƙwan. Kada ka liƙe duman da gindin, 'yan ƙusoshin katako 3 da zai zauna a tsakaninsu sun isa, ka bar 'yar kafa ta iska a ƙasa da huda 2 ko 3 a can saman wuya. LED ma yana ɗumi, kuma zafi ne yake rage masa kwana. Bayan awa ɗaya a kunne ka taɓa fatar, in ta wuce ɗumi-ɗumi, ƙwan ya yi ƙarfi ko iska ba ta wucewa.

Makunni ya kasance a kan waya, inda hannun wanda yake zaune zai kai ba tare da ya tashi ba. Akwai wayoyin USB masu ɗan abin rage haske, suna da amfani, amma wasu fawa-bank suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi ƙanƙanta, don haka ka gwada naka a mafi ƙarancin haske kafin ka dogara da shi.

Shafe na ƙarshe, kakin zuma nake narkawa in goga da tsumma, siriri, in bi da busasshen ƙyalle. Banish yana sa ƙyalli irin na kayan kanti, yana kuma toshe ƙananan huda. Man gyaɗa yana kiran tururuwa. Bayan shafe ka bi kowace huda da tsinken sakace.

Gaskiya guda da ya kamata a faɗa: wannan fitila ba ta karatun dogon zango ba ce. Ta isa sallah, ta isa wuridi, ta isa mai tilawa da ka. Amma wanda zai karanta izu biyu a mushafi mai ƙananan baƙaƙe, balle dattijon da idonsa ya fara rauni, ya ƙara wata 'yar fitila a kan shafin. Kada a cuci ido don ado.

Turaren wuta yana tafiya da ita sosai, hayaƙin yana bayyana zaren hasken a iska, amma kaskon ya yi nesa da ita da taku biyu, kada ya zauna a ƙarƙashinta. Da hunturu ƙura tana cika hudojin, tsohon buroshin haƙori yana fitar da ita. Da damina kada a bar ta a ƙasa mai danshi, fumfuna tana dawowa, ɓera kuma yana son duma. In ka ga garin itace a kan gindin, ƙwaro ya shiga: ka cire ƙwan da wayar, ka ɗaure duman a baƙar leda ka ajiye a rana na wuni guda. In kuwa ta faɗi ta tsage, ka yi 'yar huda a daidai ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan ka kai wa gyartai ya ɗinke, ka gaya masa da zare zai yi, kuma ya bar maka bakin gindin a buɗe yadda yake.